Rigar da Tsatsa Ba Ta Ci Ba

Iya Ajoke mai agidi ce a Ogbomosho, kuma agidi in ba fari tas ba ne, ko kyauta ba mai karɓa. Bututun ƙarfen unguwarsu kuwa tsatsa ta cinye cikinsa, ruwa yana zuwa ja kamar shayi. Shi ya sa tun tana amarya take ɗaure farin ƙyalle a bakin famfo, ya tace mata. A haka zannuwanta suka ƙare, ta shiga yanka fararen kayan marigayi mijinta, har ya rage rigarsa ta Juma'a kaɗai.

Ranar da ta ɗauko wa rigar almakashi, sai ga Gbadebo, ma'aikacin ruwa, ya leƙo.

"Iya, mun sa bututun roba. Ki daina naɗa wa famfo rawani."

"Rufe min baki, ɗan nan. Tun ba a haife ka ba ake min wannan alkawari."

Duk da haka ta ɗaura wa famfon tsohon tsummanta da ta wanke, ta cika baho, ta kwance tsumman ta duba a rana. Ko ɗigon ja babu.

Ta ninke rigar, ta shafa ta, ta mayar akwati.

"Baba Ajoke," ta kira marigayi mijinta, "yau rigarka ta sha."