Murfin Tukunyar Inna a Kan Mashin

Shekarar da ɓarayi suka matsa wa masu babura a hanyar Babura, suna tsallakawa da su iyaka, Yayana ya sayi sabon mashin. Tun bai cire ledar kujera ba ya kai shi Kano aka saka masa tiraka, wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana mai layin waya a ciki. Tana ƙarƙashin kujera tana magana da ƙarfen sabis, duk inda mashin ya nufa Yaya yana gani a wayarsa.

Ni kuwa in aka ba ni mashin na sayo gishiri a kasuwar Kazaure, sai na biya ta Roni na gaishe da duwatsu tukuna. Yaya ya san halina.

Wata rana ya ja ni zaure, fuskarsa kamar mai kawo saƙon rasuwa. Ya ce na'urar tana fitar da wani abu da ido ba ya gani, irin wanda ke kawo murya cikin rediyo, yana ratsa kujera ya shiga jikin mutum. Zuwa kasuwa da dawowa ba komai, amma wanda ya daɗe a kai, a hankali yake dahuwa ta ƙasa.

"Kuma ba zai haihu ba," ya ce. "Kai jikinka ɗanye ne. Kada ka gaya wa Inna, hankalinta zai tashi."

Na yarda. Shi ya koya mini tuƙi, shi yake tsaya mini in Baba ya ɗauko bulala. Ta ina zan fara zarginsa?

Sai na yi lissafi irin nawa. A ɗakinmu mai rufin kwano waya ba ta kamawa sosai, ke nan ƙarfe yana tare abin. Na ɗauke murfin babbar tukunyar Inna na ɗaure shi a kujera da roba. Na manta da zafin ranar Kazaure a kan ƙarfe. Na bar mashin a bakin kasuwa, na dawo na zauna, na yi tsallen da na kusa hango Nijar. Na ce shi ke nan, dahuwar ta fara. Daga ranar a tsaye nake tuƙi, murfi yana ƙara a ƙarƙashina, yara suna bi na da ihu. Inna kuwa tana rufe tuwo da faifai tana zargin duk unguwa.

Amma ba kaina na fi ji ba. Yaya wuni yake a kan mashin ɗin, yana kai taki Gwiwa da Yankwashi, ga bikinsa ya matso. In na ga wadda zai aura sai tausayinta ya kama ni. Bayan kowace salla ina roƙa masa 'ya'ya, ko da ɗaya ne. Ranar da na kai masa murfin na ce shi ya fi ni buƙata, ya juya mini baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, har na dafa shi.

Wata safiya na je sayen burodi wajen mai shayi, na tarar da Yaya da abokansa sun haɗa kai a kan waya. Bidiyona ne a ciki, ina tsaye kan mashin kamar mai kiran salla. Wani ya ɗago ya ce ga Sarkin Murfi. Wani ya ce wayar da ke aljihun wandona kullum ta fi na'urar kusa da naman jikina, me ya sa ban yi mata murfi ba? Har maganar dafa kafaɗar Yaya ya ba su.

"Wasa ne fa, ƙanena," ya ce yana share hawayen dariya. "Man fetur ɗina nake ceto."

"Yaya, addu'a fa nake yi maka."

Dariyar ta ɗan tsaya. Ya zaro makulli ya miƙo mini, ya ce na je Roni, na je har Babura in ina so. Ban karɓa ba. Na ɗauki burodina na tafi gida a ƙafa.

Na halarci bikin, na ci shinkafa kamar mutum uku. Amma har yau, ko hadari Yaya ya ce mini ya taso, sai na fita na duba sama da idona.