Oighrig, Wadda Ta Nemo wa Babana Makwanci

Da safiyar Talata, tara ga watan Maris, Ceit ta bugo mini waya daga tsibirin Uist ta Kudu cewa gwaggonta, Oighrig Nic an t-Saoir, ta rasu tana da shekara casa'in da ɗaya. Na yi kuka, amma zuciyata a kwance take. Kin sha kwana, Oighrig, kuma kin yi aiki da kwanakinki.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na sauka daga jirgin ruwa a tsibirin da gawar babana. A birnin Glasgow aka haife ni, ban san tsibirin ba, wasiyyarsa kuwa ɗaya ce: a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa. To, tsofaffin kaburburanmu ba rubutu, duwatsu ne kawai, kowane gida ya san nasa. Mai haƙa kabari ya ce in ba a gano wurin ba zuwa jibi, sai sabuwar maƙabarta. Aka tura ni gidanki.

"Ɗan wa ne kai?" kika tambaye ni kina zuba shayi.

"Ruairidh Mac an t-Saoir."

"Kai, yaro! Rabin tsibirin nan sunansu ke nan, har da ni, sai dai Mac na maza ne, Nic na mata. Ɗan Masassaƙi yake nufi, don an ce kakanmu na farko jirage yake sassaƙawa. Naka kakannin nake tambaya."

Kunya ta rufe ni, ban wuce kakana Lachlann ɗan Eòghann ba. Kika ƙare wa kaina kallo. "Waɗannan manyan kunnuwan na gidan Niall Mai Jan Gemu ne, kaf ƙasar nan ba mai irinsu." Nan take kika jero mini kakanni bakwai, kika ɗauki sandarki, muka fita cikin yayyafi har gaban wani baƙin dutse, kabarin kakata. A gefensa babana yake kwance yau.

Tun daga nan, duk bazarar da na zo, ba kya ajiye mini kifin gishiri da dankali sai na jero bakwai ɗin. In na yi tuntuɓe ki janye kwanon. Kai, kin wahalar da ni!

Ba ki haihu ba. Ranar jana'izarki, da aka zo raba igiyoyin saukar da akwatin gawa cikin kabari, ta wajen kai, wadda ake ba ɗa ko ɗan'uwa mafi kusa, ni Ceit ta miƙa wa. "Ita ta ce a ba ka. Wai kakanku ɗaya tun daga Niall, kuma kada ka yi mata gardama." Ban yi ba.

Ina yi wa Ceit da 'ya'yanta da dukan mutanen tsibirin ta'aziyya. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Taku uku ne tsakaninki da babana. Na nuna wa 'yata wurin, ta kuma jero bakwai ɗin a kanki ba tuntuɓe.