Kananzir a Rijiyar Dawude

Mutumin da ake kira Mu Ersa bai gaji gona ba. Wuƙa ya gada da babbar tukunya, kuma tun yana saurayi shi ke dafa abincin taro a Baiyagou da ƙauyukan bayan tudu, ko biki ne ko suna ko sadakar mamaci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa ta dama wuta ta lashe ta tuntuni ba ta sake tsirowa ba. Ba ya taɓa nama sai da alwala. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a birni. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce "Ersa ne ya dafa," mutane su miƙa hannu ba tare da sun duba kwanon ba.

Shekarar da Tiyan Dawude ya fara kiwon maruƙa uwarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Aka kira Ersa ya dafa sadakar arba'in. Ruwan girkin daga rijiyar gidan aka ɗebo, wadda ke tara ruwan sama idan ya gangaro ta tsakar gida. Uban Dawude ne ya haƙa ta, ya shafe cikinta da jan yumɓu, kuma duk ƙauyen babu mai girmanta. Masu neman aure a gidan nan ita suke fara leƙawa.

Aka ci aka watse. Kafin mako ya zagayo yara suka fara kwanciya, gudawa, daga baya jini. Manya ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Saimai, 'yar Dawude mai shekara biyar, fitsarinta ya ɗauke, fuskarta ta kumbura har idanunta suka shige. A bayan tarakta aka kai ta asibitin gunduma, a bayan tarakta aka dawo da gawarta.

Ma'aikatan lafiya suka zo da 'yan kwalabe. Suka ɗebi bayan gidan yaran, da na Ersa, da kashin dabbobi, da ruwan gidaje. Ɗaya daga cikinsu, mai saurin baki, ya tsaya shan shayi a kanti ya ce ai an ga ƙwayar cutar a cikin mai girkin ma. Kafin la'asar maganar ta shiga kowane gida.

Ersa yana wasa wuƙa a ƙofar gidansa Dawude ya iso da ƙannensa biyu.

"Dawude, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin uwarka! Da wane hannu ka ba ta naman?"

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Ni na dafa abincin sunanka."

"Wa ye ɗanka? Tsohon ƙazami, kana yawo da cuta a ciki kana yi wa mutane alwalar ƙarya! Na ce da wane hannu?"

Ƙannen suka danne shi a kan katakon yanka nama. Dawude ya ɗauki sandar murza taliya, ta Ersa ce, itacen gawo mai nauyi da mai ya sa ta yi baƙi, ya yi ta sauke masa a bayan hannun dama. Ana jin ƙarar ƙashin daga bakin hanya. Mata suka leƙo ta katanga, babu wadda ta ce a bari. Da suka gama suka mirgina babbar tukunyar ta gangara kwari, ta fashe gida biyu.

Mai ɗori ya ɗaure hannun da kara. Yatsu uku ba su sake lanƙwasawa ba. A masallaci sahu ya riƙa tsagewa a inda Ersa ya tsaya, butar da ya taɓa kuwa sai a kawar da ita da ƙafa.

Ana cikin haka wata likita daga ɗakin gwaji na gunduma, Likita Lan, ta zo a kan babur, ta same shi yana fama da hura wuta da hannun hagu. Ta dubi ɗorin.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Faɗuwa na yi. 'Yata, gaya min gaskiya, ni na kashe yarinyar?"

"Baba, ƙwayar nan kowa yana da ita a hanjinsa. Ni ma ina da ita, limaminku ma yana da ita."

"Kai, bar liman a ciki."

"To na bar shi. Dangi ne babba, suna ɗaya, kama ɗaya. Mu abin da kowace ta gada muke dubawa. Wata ta gaji dafin da ke sa zawon ruwa, mutum ya sha wuya ya tashi. Wata ta gaji wanda ke tsaga hanji ya kashe ƙoda. Wata ba ta gaji komai ba. Taka ba ta da dafi ko ɗaya. Ta Saimai mai kashe ƙoda ce, kuma irinta sak muka samu a kashin maruƙan gidansu da cikin rijiyarsu."

Ersa ya zauna a ƙasa. Ya tuna ranar sadakar: manya a kan tabarma da kofunan shayi mai tururi, yara kuwa suna ture juna a bakin randa, moɗa ɗaya tana zagayawa.

"Kin gaya wa Dawude?"

"Daga can nake. Ya ce nawa ka ba ni, ya biyo ni da shebur. Sai na koma na taho da hukuma, kuma hanyar kwari ruwa ya cinye. Zai ɗauki kwanaki."

Washegari Juma'a ce. Da aka sauko Dawude ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce duk mai kunne ya biyo shi. Ya buɗe rijiyar gaban jama'a, ya ja guga, ya sha har ruwan yana bin gemunsa.

"Wai rijiyar ubana ce ta kashe min 'ya! Ku gani!"

Ya jawo ƙaramin ɗansa, wanda bai daɗe da barin nono ba, ya kafa masa moɗa a baki. Yaron yana kuka yana haɗiya. Matar Dawude, Asheyan, tana tsaye a bakin ɗaki, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije.

Ersa yana daga baya. Ya san idan ya zauna a gida ya jira, hukuma za ta zo ta wanke shi, wataƙila har a sake kiransa girki. Ya kuma san abin da ake yi wa wanda ya ɓata ruwa a ƙasar da ake alwala da rabin kofi.

Da safe, da Dawude ya fita da maruƙa, Ersa ya shiga gidan da jarkar kananzir. Murfin rijiyar da kwaɗo. Asheyan ta fito da gari a hannu, ta dube shi, ta dubi jarkar.

"Kawu, zai kashe ka."

"Ina yaron?"

"Yana barci. Jiya na sa masa yatsa ya amayar. Dawude ya hana ni tafasa ruwan, wai zargin ubansa nake yi."

Ta kwance makullin daga ƙugunta ta ajiye a kan murfin, ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Ersa ya yi bisimilla ya juye jarkar duka.

Wari ne ya kira mutane. A wannan karon ba mutum uku ba ne. Waɗanda suke aron ruwa a gidan, da waɗanda bai taɓa saɓa wa ba, duk suka sa hannu, da fartanya, da dutse, da igiyar guga. Aka ja shi a ƙasa har bakin hanya. Liman ne ya faɗa a kansa da rawaninsa, sannan suka ja da baya. Haƙarƙarinsa sun karye, idon hagu ya tsiyaye. Asheyan ma ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito kuma tana ɗingishi.

Hukuma ta zo daga baya, aka karanta wa mutane sakamakon gwajin a filin masallaci, aka toshe rijiyar da siminti. Yaron bai kwanta ba. Mutane suka yarda ba Ersa ne ya kashe Saimai ba, amma suka ce mai iya zuba kananzir a ruwa ba a sake ba shi tukunya. Wasu kuma kunyar haɗa ido da shi ce kawai. Ya koma kiwon tumakin wani.

Da ƙaramar salla ya soya gurasar mai da hannun hagu, ya bi gida gida kamar yadda ake yi. Ko'ina sai a ce an gode, akwai. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarshe, Asheyan ta buɗe, ta sa hannu biyu ta karɓa. Dawude ya fito daga bayanta ya doke farantin, gurasar ta tarwatse a ƙasa.

"Ki taɓa ki gani!"

Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta kaɗe ƙurar a zaninta, ta gutsura ta kai baki. Maƙwabta suna kallo. Ta tauna a hankali har ta haɗiye.

"Kawu, gishiri ya yi kaɗan."

"Hannun ne, 'yata," in ji Ersa. "Bai san awo ba tukuna."