Kaurin da surukina ya saya a waya

Ku matso kusa, ku ara mani kunnuwanku, in na gama in mayar maku da abinku. Ni ban shiga lekwal ba, ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗi, kuma na gargaɗe ta kada ta rage ko kalma guda, ko da maganar ta taɓa mijinta.

Shekarun baya, autata ta zo gida haihuwar fari, nan ƙauyenmu na wajen Kanan-Bakashe. Maza Allah ya ba ni, ita kaɗai ce mace. A wurinmu, in ɗiya ta haihu gidan uwarta, miji ke aiko ƙafafun sa. A babbake, a kankare, a ɗora tukunya da citta da kanumfari da masoro da kimba, a bar su bisa wuta har ƙashi ya saki ɓargo. Shi ne kauri. Mai jego ta sha romo nono ya kawo, saura a raba gida-gida kafin suna. Tun ina amarya nake karɓar kwanon kauri a garin nan. Babu gidan da ban ci nasu ba, kuma ban taɓa mayarwa ba. Ranar autata nake jira.

Mijinta ɗan mutanen Korgom ne, yana aikin biro, wato ofis, a Yamai. Yaro mai ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. In ya zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni in amsa daga cikin ɗaki. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, kamar yadda muka gada.

Da aka yi haihuwa, ɗiyata ta ce mani kada in damu da zancen kauri, ya riga ya yi komandar nama a waya. Wai akwai masu sayarwa can Yamai, suna saka hoton nama, ka taɓa da yatsa ka biya, su aiko a kar, babbar motar fasinja. Naman manya ne, inji shi, irin na manyan otal. Ni da wautata sai na ɗauka ƙafafu ne har da kai da wutsiya. Na tafi gidan maƙwabciyata na aro tukunyar da ta fi kowace girma a unguwa, na kuma gaya mata daga Yamai namanmu zai zo. Ban faɗa a hankali ba. Kafin azahar gari duk ya ji.

Ranar kauri mata suka taru. An daka yaji, an tara icce, ruwa na tafasa. Sai ga ɗan kabu-kabu daga tashar Mayahi, ɗaure da akwatin ƙanƙara wanda bai kai kwandon tumatir ba. Na tambaye shi ina saura, ya ce iyakar abin da aka ba shi ke nan.

A gaban mata na buɗe. Yanka-yankan nama ne, kowane a matse cikin ledarsa, faɗin tafin hannu, a shimfiɗe kamar silifa. Ba su cika yatsun hannu biyu ba. Babu ƙashi, babu jijiya, babu fata. Maƙwabciyata ta leƙa akwatin, ta leƙa tukunyarta, ta ce, "Yaya, ko ƙafafun na tafe da kansu ne, mu jira?"

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗiyata ta kira shi, ta buɗe muryar wayar, ni na juya baya ina ji. Cikin murna yake magana. Wai sunan abin bifitek, wurin da ya fi daraja a jikin sa, kuɗinsa ya fi na ƙafafun shanu da yawa. Wai makonni aka bar shi cikin sanyi don ya yi laushi. Sannan ya ƙara da cewa, "Ki gaya ma Inna kada ta saka shi a ruwa, kada ta sa yaji. Bisa kasko mai zafi, ta juya ta sauke, cikinsa da sauran ja. In ya dahu sosai ya lalace."

Ni da na yi furfura a gaban murhu. Naman da ya yi makonni da yanka, kuma in ba mai jego shi da jini-jini. Maganar da ta taso mani a lokacin, da na faɗe ta da auren ya girgiza. Amma suruki ne, bakina ba ya zuwa gare shi. Na haɗiye. Ƙashi ɗaya da ya zo tare da naman nan shi ne wanda ya tsaya mani a maƙogwaro.

Na sallami mata, na kashe wuta. Naman na kai firigon mai shago inda yake sanyaya ruwan sayarwa. Ɗiyata ta wuni da kunun kanwa kaɗai, tana kuka tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi laifin.

Ina da akuya ja, jikar wadda mahaifiyata ta ba ni, da nononta nake dama fura. Washegari na ɗora ta a amalanke zuwa kasuwar Mayahi, na dawo da ƙafafu a buhu, babu akuya. An yi kauri, amma a makare, kuma bai isa ba. Gidajen da suka aiko mani da tsoka da ƙashi shekara da shekaru, wasunsu romo zalla na aika masu. Har yau na san ko waɗanne gidaje ne.

Ranar suna surukina ya zo tare da mahaifinsa, dattijo mai ƙarancin magana. Da aka raɗa suna maza suka zauna a zaure, sai na aika aka karɓo mani naman. Na yi yadda aka umurce ni. Kasko mai zafi, na juya, na sauke. Na jera a kwanona mafi kyau, na ba babban ɗana, na ce ya ajiye gaban dattijo ya ce ga kaurin da aka aiko, an dafa yadda mai shi ya ce.

Ɗana ne ya ba ni labarin saura. Dattijo ya sa wuƙa, jan ruwa ya kwaranyo a kwano, liman ya janye rigarsa. Surukina ya fara bayanin otal da daraja da laushi. Uban ya bar shi har ya gama, sannan ya tambaye shi ina ƙafafun. Ya juya ya tambayi ɗana to da me aka yi kauri, ɗana ya gaya mashi zancen akuya. Dattijo ya tura kwanon gaban ɗansa ya ce, "Bismilla, ci. Kai ka san daɗinsa. Mu za mu jira rago."

Surukina ya ci, shi kaɗai, gaban liman da dattawan gari, gumi na zuba.

Yanka guda na ɓoye, na dafa shi dahuwar mutane da albasa. Ba zan yi ƙarya ba, ni da ba ni da turame ban taɓa cin nama mai laushinsa ba. Wannan ma ya ƙara mani haushi. Yaron bai yi rowa ba, dukiya ya zubar. Abin da ya kasa shi ne tambaya. Ya zaci kauri nama ne kawai, sai ya nemo wanda ya fi tsada. Bai tuna biki ne ake mayarwa ba, kuma ƙofofin da ke jiran kwanona ba a ganinsu a hoton waya. Da ya tambayi ko gwaggonsa guda, da akuyata na nan.

Dattijo ya aiko mani da wata akuya daga Korgom, fara, mai ƙarancin nono. Ya rasu bayan haka, Allah ya jiƙansa. Surukina a haihuwa ta biyu da kansa ya sauke buhun ƙafafu a ƙofar gida, na fara rabo da gidajen da suka sha romo zalla. Maƙwabciyata har yau in ta ga kabu-kabu da akwati sai ta ƙwala mani kira in fito ga kauri. Jikana ya shiga lekwal, mata na kiransa Ɗan Waya, bai san dalili ba. Ɗiyata ga ta nan tana rubutu tana toshe baki.

Akuyata ja kuwa, ban tambayi wanda ya saye ta ba, don kada a ce mani mahauci ne.