Takardar da Na Cusa a Kaset ɗin Baba

Ranar Talatar da ta wuce na kai autana rigakafi, ma'aikaciyar ta tsoma auduga a sifirit ta goge masa dantse. Yaron ko kuka bai yi ba, ni uwarsa ce na nemi benci na zauna. Warin nan ne ya buge ni. Kai mai karatu, wataƙila allura yake tuna maka. Ni hantsin Asabar yake tuna mini a gidanmu na Kawo a Kaduna, Babana a durƙushe gaban rikodarsa, ya naɗa auduga a tsinken ashana yana goge ɗan ƙarfen da zaren kaset ke bi ta kansa, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli.

Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati. Mutum ne mai shiru-shiru, wanda in ya dawo aiki sai ya jingine kekensa ya gaisa da maƙwabta da kalma uku ya shige. Asalinsa daga Kano yake, gidan malamai, inda ba a taɓa jin wani ya rera waƙa ba in ba ta makarantar Islamiyya ba. Duk unguwar babu wanda ya san cewa a bayan akwatunan Umma akwai tsohuwar jita, wadda wani abokin aikinsa ya bar masa da aka yi masa canjin gari. Mu uku muka sani, shi da Umma da ni. Ƙannena sun yi ƙanƙanta, su dai sun san ranar Asabar ana kora su gidan maƙwabta.

Ba zan yi maka ƙarya in ce gwani ne ba. Yatsunsa sukan ɓace a tsakiyar baiti, ya tsaya ya harari jitar kamar ita ce ta yi laifi. Amma yana da naci. A bayan takardun ofis da aka gama da su yake rubuta waƙoƙinsa, ya soke layi, ya sake, ya kuma sokewa, har takardar ta huje. In zai ɗauka sai mu rataye barguna a taga da ƙofa, mu kashe fanka saboda ƙararta tana shiga, mu zauna cikin zafin bazara gumi na bin bayanmu. Duk da haka Kawo ba ta barinmu. Ana cikin waƙa sai 'yan kamashon tasha su kwarma kiran Zariya da Kano, ko zakaran maƙwabta ya ga lokacinsa ya yi. Da damina kuwa in ruwa ya sauka a kan kwano, sai dai a naɗe barguna a jira wani satin.

Aikina shi ne danna maɓalli. Shekarata goma sha ɗaya, ni ce babba. In ya gyaɗa kai sai in danna jan maɓallin tare da na kusa da shi, in riƙe numfashi har ya sake gyaɗawa. Waƙoƙin nasa ba na sarakai ba ne, ba na masu kuɗi ba. Akwai ta kekensa, akwai ta wani shugabansa mai barci a kan fayil, akwai ta mahaifiyarsa da ban taɓa gani ba. Akwai kuma wadda ya yi wa Umma, a kan ranar da aka kawo ta Kaduna ta sauka a tasha da akwatinta ta ƙi ɗaga kai ta dube shi. Ita ce ta fi cin lokaci, damina guda ya yi yana gyara ta. A jikin kaset ɗin bai iya rubuta sunanta ba don kunya, sai ya rubuta “Nata” kawai. Umma takan ce aikin banza ne, a bar mutum ya ji da girkinsa. Amma duk ranar da aka kunna, tuwo yakan daɗe bai sauka ba.

A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba. In ka ɓalle su sai ɗan rami ya bayyana, daga nan jan maɓalli ba zai ƙara dannuwa a kan wannan kaset ɗin ba, abin da ke ciki ya tsira ke nan. Duk waƙar da ta gamsar da Baba sai ya sa bakin makulli ya ɓalle su. Wata rana ya ɓalle na wanda bai gama da shi ba, ya yi tsaki, ya yago takarda ya murza ta ya cusa a ramin. Maɓallin ya dannu. Ya dube ni yana dariya ya ce, “Wannan tsakaninmu ne, kada ki koya wa ƙannenki su yi mini ɓarna.”

A farkon wata damina ya faɗi a ofis. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da safe ya fita da ƙafarsa, da la'asar aka fitar da shi a makara, ban ga fuskarsa ba. Gidan ya cika da mutanen da ban sani ba. Umma ta shiga takaba a ɗakin ƙurya, mata na kewaye da ita, ƙannena kuma kowa yana ɗaukarsu yana share musu hawaye. Ni da nake babba sai aike. Kawo buta, kai tabarma, ɗebo ruwa. Kwana bakwai babu wanda ya zaunar da ni ya kalli idona.

Bayan sadakar bakwai, Baffa, yayan Baba da ya zo daga Kano, ya zauna a falo yana tattara kayan mamaci. Dattijo ne mai tsoron Allah, kuma shi ya riƙe Baba tun suna marayu. Kada ka ɗauka mugu ne, na ga yadda ya yi kuka a bakin zaure har aka riƙe shi. Ya buɗe kwalin kaset-kaset, ya ɗauki ɗaya ya saka, yana tsammanin karatu ne. Sai ga jita, sai ga ƙaninsa yana waƙar keke. Baffa ya miƙa hannu ga rikodar. Bai bari baitin ya ƙare ba ya kashe.

“Innalillahi,” ya ce. “Yaron nan abin da yake yi ke nan a Kaduna? Duk ranar da wani ya kunna wannan, yana kwance ana rubuta masa.”

Ya yi niyyar ƙona su, sai kuma ya ga almubazzaranci ne. Shawarar da ya yanke ita ce a ɗora karatun Alƙur'ani a kansu a rabar, abin da zai zame wa mamaci nauyi ya koma masa sadaka mai gudana. Rikodar mai baki biyu ce. Ya aika aka aro kaset na karatu daga masallaci, ya saka a gefe guda, ya saka na Baba a ɗayan, ya danna jan maɓalli. Ya ƙi. Ya sauya wani, ya ƙi. Ya gwada kusan biyar, yana dannawa da babban yatsa har rikodar tana motsi. Daga ƙarshe ya numfasa ya ce wataƙila na'urar ce ta lalace, a mayar da kwalin ƙarƙashin gado, in ya dawo arba'in a san yadda za a yi. Na san Baffa, kuma na san hidimar arba'in. Da kwalin nan ya shiga ƙarƙashin gado, da ya zauna.

Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Na ji bakina ya ce, “Baffa, na san yadda ake yi.”

Na yago takarda daga littafin lissafina, na murza, na cusa a ramin. Maɓallin ya shige da ɗan ƙara. Baffa ya dube ni, ya ɗora tafinsa a kaina ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin ceci ubanki.” Hannun nan yana da ɗumi, kuma shi ne na farko da ya sauka a kaina tun ranar da Baba ya fita.

Na sha gaya wa kaina cewa yarinya ce ni, ban san abin da nake yi ba. Ƙarya ne, na sani. Ni na fi kowa a gidan sanin aikin jan maɓalli. Gaskiya ne na tsorata da maganar Baffa, na riƙa ganin Baba a kabari ana tuhumarsa saboda waƙar keke, har na ji kamar garwashi nake janye masa. Amma gaskiya ne kuma na ji daɗin yabon. Kwana uku na yi a falon nan ina murza takarda, ina juya kaset, Baffa na nuna ni ga baƙi yana cewa kanta yana ja. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne gogewa ba ta da ƙara. Karatu kawai kake ji yana tashi, zare yana juyawa, ba ka jin abin da ke mutuwa a ƙarƙashi. “Nata” shi ne na uku daga ƙarshe. Na riƙe shi ɗan lokaci, sannan na cusa takardar.

Umma tana ɗakin ƙurya tana jin karatu yana tashi daga falo safe da yamma, tana sa wa Baffa albarka. Babu wanda ya shiga ya tambaye ta, ai mai takaba ba a dama mata lissafi da zancen kaya. Aka raba kaset-kaset ɗin, wasu masallaci, wasu direbobin tasha, wasu Baffa ya tafi da su. Jitar kuma ban san inda ya kai ta ba.

Ranar da ta fita takaba, bayan 'yan barka sun watse, ta kira ni. Ta yi wanka ta sa atamfa mai haske, ta rame sosai. Ta ce in rufe ƙofa in ɗauko mata kaset ɗinta. Na faɗa mata an ɗora karatu a kansa.

“Ai yana ɓalle musu kunne,” ta ce. “Wa ya nuna musu?”

“Ni ce, Umma.”

“To,” ta ce. Ta tashi ta shiga madafa. Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba, kuma ba ta sake ɗaga zancen ba har na yi aure. Da ta dake ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu ina Malali, ina koyarwa a makarantar firamare. In maigidana ya fita da yara ranar hutu, nakan shiga lungun da nake rataye kaya da kwamfuta da ɗan makirufo, in rubuta waƙa in ɗauka. Ba na sayarwa, ba na sakawa a ko'ina. Maigidan yana tsokanata wai mawaƙiyar da tufafi ne kaɗai 'yan kallonta. Kowace waƙa wuri uku nake ajiye ta, har abin ya zama kamar ciwo. Zamani ya sauya ta yadda murya ba ta ɓata. Maƙwabciyata mijinta ya rasu bara, har yau tana kunna saƙonsa inda yake tambayarta ko a sayo tumatir. Baffa ma da ya tsufa ya koyi aika saƙon murya, kafin ya rasu ya cika mini waya da addu'o'i. Suna nan, ban goge ko ɗaya ba, ban kuma san ko shi ne ya yi daidai ba. Malamai sun faɗi wannan sun faɗi wancan, ni dai na bar wa Allah.

Umma tana Rigasa wajen ƙanena, idonta ya kusa tafiya. Da daminar bana na zauna na haɗo waƙarta daga abin da ya rage a kaina. Baiti huɗu na samu daga cikin tara, sauran na bar gurbinsu da kiɗa, don ban yarda in sa masa maganar da ba tasa ba. Wata biyu ina ɗauka ina sakewa. Da na gama na je na same ta a kan darduma bayan la'asar, na sa mata abin ji a kunne.

Ta saurara har ƙarshe, leɓenta yana motsi. Ta ce in maimaita, na maimaita. Sannan ta zare abin daga kunnenta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

“Maganar tasa ce,” ta ce. “Amma ni wani abu ke damuna. Muryarsa fa, mai kauri ce ko siririya? Na yi ta nema shekara da shekaru, ta ƙi zuwa. Ke da kike zama kusa da shi, gaya mini.”

Na nemi muryar a kaina na tarar babu komai. Ina iya ganin gumin goshinsa, da yatsunsa a kan jita, da yadda yake gyaɗa kai. Amma in ya buɗe baki a cikin kaina, karatu nake ji.

“Mai kauri ce, Umma,” na ce.

Ta gyaɗa kai, ta saki ajiyar zuciya. “Haka nake zato,” ta ce. “Allah ya yi miki albarka.”

Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ta riƙe amsar nan tana faɗa wa jikokinta, kuma duk duniya babu wanda ya rage da zai ce mata ba haka ba ne.