Ranar da Goshin Rumbu Ya Taɓa Ƙasa

Shekara shida ke nan bana da muka rufe yayana Illa a Cadawa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau Mushe ake ce mini, wato malamin boko, don na ƙare ƙarfina ina koyarwa a lakol, makarantar boko. Shi kuwa, duk wanda ya manyanta tsakanin Agiye da Gazawa ya san shi da sunan Rumbu. Idan na ce zan tuna da shi, mutum biyu ke zo mini a rai, kuma dukansu shi ne.

Na farkon ɗan kokawa ne. Da an gama girbi, an ɗaure damman gero, sai ganguna su fara tashi daga ƙauye zuwa ƙauye, Yaya Illa ya ɗaura walki ya shiga fili. Ba shi da saurin ƙafa, ba ya yawan dabara. Tsayawa kawai yake yi, abokin karawa ya yi ta turawa har numfashinsa ya ƙare, sa'annan ya ɗauke shi ya ajiye. Daga nan sunan ya fito. A yankinmu ban taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Cinsa ma abin kallo ne. Innarmu kan dama masa fura a ƙwaryar da ta ishi magidanta uku, ta zauna tana kallonsa har ya kafe ta, fuskarta cike da alfahari.

Da ya bar fili ya shiga fataucin aya da wake, Allah kuma ya buɗa masa. Kokawa ta tafi, ci bai tafi ba. Yana zaune a rumfa tun safe, ana awo a gabansa, ana kawo tsire da tuwo da shayi mai kaurin sukari. Jiki ya yi ta buɗewa, mu kuma muna yabo. Kowa ya zo sai ya ce Alhaji ya murje, hutu ya zauna masa. A wurinmu ƙiba shaidar wadata ce, ba mu san ana kiranta ciwo ba.

A hankali abin ya juya. Gwiwoyi suka fara ƙi. Barci ya gagara sai a zaune, don in ya kwanta numfashi kan ɗauke. Ciwon sukari ya shigo, hawan jini ya biyo. In zai je Maraɗi sai a bar masa gaban mota shi kaɗai, a taru a tura shi ciki. Gonar gado da ke bayan gari ya daina zuwa. Masallacin Juma'a ma a amalanke ake kai shi, a ajiye masa kujera a ƙarshen sahu. Mutumin da gari ke fita kallonsa don ƙarfi ya koma wanda yara ke leƙe don girma.

Wani likita a Maraɗi ne ya gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce zuciyarsa ba za ta daɗe tana ɗaukar wannan kaya ba, ya kuma ce akwai aikin da ake yi a Tunusiya, a rage wa mutum tumbi ya koma cin kaɗan. Da labarin ya iso gida, hankalin kowa ya tashi. Matarsa, Yaya Rabi, ta ce ita ba ta taɓa jin an kai lafiyayyen ciki an yanka ba. Ni ma ban so ba. Na je rumfa na same shi shi kaɗai, na ce ya yi haƙuri da magani da rage ci.

Ya ce, "Mushe, na gwada, kai ma ka gani. Rabona da in sa goshina ƙasa tun kafin a haifi autana. Ga shi nan har ya shiga lakol."

Na ce, "Yaya, malamai sun ce sallar zaune karɓaɓɓiya ce ga mai lalura."

Ya ce, "Na sani. An karɓa. Ni ne ban ƙoshi ba."

Na haƙura. Ya sayar da shanu, muka yi takardu a Yamai, na bi shi Tunusiya don in yi masa tafinta, tunda shi ba ya jin Faransanci.

Likitar da za ta yi aikin mace ce ƴar ƙarama, da ƙyar ta kai kafaɗarsa. Ta zana tumbi a takarda, ta ja layi, ta nuna mana abin da za a cire da ɗan siririn da za a bari. Ta ce aikin yana da haɗari, kuma ba a mayar da abin da aka yanke. Ta ce wuƙa rabin magani ce, sauran yana hannunsa har ƙarshen rayuwa. Na juya masa maganar da Hausa. Ya dubi zanen ya daɗe, sa'annan ya ce in gaya mata ya yarda.

Ni na ɗauka za a tsaga shi ne kamar ragon layya. Da aka fito da shi, na ɗaga zanen da aka rufe shi da shi, sai na ga ƴan ramuka ƙanana an lilliƙe su, kowanne bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ta nan aka zura ƙarafa da wani ido mai haske, likita tana kallon cikin yayana a allo tana aiki. Na yi shekaru ina zana wa yara cikin ɗan Adam da alli, amma ranar nan na zauna a bakin gado ina ta tasbihi. Washegari suka ta da shi tsaye suka ce ya taka.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba ramukan ba ne. Bayan ƴan kwanaki aka kawo masa romo a ɗan kofi irin na shayi. Ya sha cokali kaɗan ya ajiye. Na ce ya daure ya ƙara. Ya dafa cikinsa kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

Ya ce, "Mushe, abin nan da ke kirana ya yi shiru. Tun ina yaro nike jin shi, ko na ci ko ban ci ba. Yau babu shi."

Sai a lokacin na gane cewa mun zauna da mutumin nan shekara da shekaru muna ɗauka kwaɗayi ne ko al'adar ƴan kokawa, ashe wata murya ce a cikinsa da ba ta taɓa barinsa ya huta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai daɗi. Shekarar farko a gida ta yi masa tsanani. In ya ƙara loma ɗaya kan ƙa'ida sai amai. Gashinsa ya zube, fata ta saki tana reto a damatsansa, sanyi kaɗan sai ya nemi bargo. Ga ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin jiki da aka ce zai sha muddin rai. Yana ramewa gari na magana. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mugun ciwo ya ɗauko a waje ana ɓoyewa. Abokan ciniki suka fara ja da baya, don ba mai son ƙulla harka da wanda ake ganin ya kusa tafiya. Yaya Rabi ta fi kowa shan wuya. Ita da aka sani da iya tuwo, kullum kwano na dawo mata kusan yadda ta kai shi, mata kuma suna cewa ta bar mijinta da yunwa. Na sha tarar da ita a madafa tana share hawaye.

Ana cikin haka Jadi ya zo daga Gazawa. Shi ne babban abokin karawarsa a zamanin kokawa, kuma ya ji ana cewa Rumbu na bakin mutuwa. Ya shigo zaure ya gaishe da yayana sama-sama, ya zauna yana jiran a kira masa mai gida. Sai da Yaya Illa ya yi dariya ya gane muryar. Aka kawo tuwo da miyar kuka da naman kaza. Yayana ya yi ƴan lomomi ya janye hannu. Jadi ya ɓata rai, don a wurinmu mai gida ba ya barin baƙo shi kaɗai a akushi.

Ya ce, "Illa, ko ka daina cin abinci da ni ne?"

Yayana ya ɗaga riga ya nuna masa tabon. Jadi ya matso, ya sa yatsa ya taɓa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Na yi ƙuruciyata duka ina neman inda zan kama ka. Ashe ta ƴan ramukan ga aka kada ka."

Yayana ya ce, "Ba a kada ni ba, Jadi. Ni na kwanta da kaina."

Jadi ya kwana biyu a gidan. Da ya koma, duk kasuwar da ya shiga sai ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa, maganar sammu kuwa ta mutu daga nan.

Likita ta ce ya riƙa tafiya da ƙafa, shi kuma ya riƙe maganar kamar wasiyya. Da farko iyakarsa ƙofar gida zuwa bakin rijiya. Daga baya ya kai bayan gari. Damina ta biyu da dawowarmu, wata rana da yamma ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi gona. Muka taka har can, gero ya kai ƙugu, an yi ruwa da safe ƙasa ta yi laushi. La'asar ta same mu a gindin wani gawo. Muka yi alwala da ruwan buta. Na duba inda zai zauna, sai ya ce in tsaya kusa da shi, in ya kasa tashi in ɗaga shi.

Muka kabbarta. Ya yi ruku'u. Sa'annan na ji gwiwoyinsa sun yi ƙara, ya sauka a hankali, hannu ɗaya, sai ɗayan, sai goshi. Na gama tasbihina na ɗago, shi yana nan. Na jira. Kafaɗunsa suna rawa, ina jin numfashinsa yana busa rairayi. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba, na dai san tsuntsayen da muka kora da zuwanmu har sun dawo kan gawon. Da ya tashi, da kansa ya tashi. Bayan sallama ya juyo, goshi da hanci da gemu duk ƙasa, bai share ba.

Ya ce, "Ashe haka take da sanyi. Na manta."

Juma'ar da ta biyo baya ya shiga tsakiyar sahu da ƙafarsa, kujerar kuma aka bar wa wani tsoho mai ciwon baya.

Shekara takwas ya ƙara a duniya bayan aikin. Ya koma noma da hannunsa, ya hau moto, ya yi azumi bisa shawarar likita yana buɗa baki da kurɓi-kurɓi. Ciwon sukarin ya lafa har aka rage masa magani. Zazzaɓi mai zafi ne ya ɗauke shi a ƙarshen wata damina, cikin ƴan kwanaki, yana cikin hayyacinsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ana ta labarin wata allura da ke kashe yunwa ba tare da wuƙa ba, kuma na san da zai sa ni in karanta masa bayaninta dalla-dalla, ya yi ta jinjina kai. Amma a kasuwar Cadawa ɗin nan, a faranti ɗaya da maganin ciwon kai, ana sayar wa ƴan mata ƙwayoyin sa ƙiba don a ce sun yi kyau. Samarin da iyayensu suka yi noma da hauya yanzu suna wuni a zaune da kwalbar lemo. Ina jin wannan zai fi damunsa. Bai taɓa zagin mai ƙiba ba, bai kuma taɓa cewa kowa ya je a yanka shi ba. Masu irin lalurarsa sun riƙa zuwa daga nesa neman shawara, shi kuwa da wahalar yake farawa, da aman da sanyin da kaɗaicin mutumin da ba ya iya zama a akushi da ƴan'uwansa.

Watan jiya wani magidanci ya zo daga wajen Gidan Sori, bai kai arba'in ba, an sauko da shi daga mota da ƙyar. Ya ji labarin Rumbu, bai ji labarin rasuwarsa ba. Ina zaure ina tunanin yadda zan sallame shi, sai Yaya Rabi ta aiko a shigo da shi. Ita da ta fi kowa ƙin aikin nan, ta shimfiɗa masa tabarma biyu, ta zauna daga gefe ta gaya masa komai, abin da za a ci a watan farko, abin da mutane za su ce, abin da matarsa za ta ji in kwano ya dawo. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Daga ƙarshe ta ce, "Ɗana, kar ka tafi don bakin mutane. Shi Alhaji yana da abin da yake so ya yi da jikin, abin nan ne ya riƙe shi har ya warke. Kai mi kake so ka yi da naka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Sa'annan ya ce yana da ɗiya da ta fara tafiya, in ta nufi bakin hanya ba ya iya cim mata, sai dai ya yi ta kira.

Yaya Rabi ta ce, "To, ka samu naka. Je ka ga likita."

Ba kirari yayana ya bari ba, don masu yi masa shi sun ƙare. Abin da ya bari shi ne wannan tambaya, a bakin matar da ta yi kuka a madafa saboda shi. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya sa waccan ɗiya ta Gidan Sori ta ji hannun ubanta ya kamo ta.