Alƙalancin Rago a Bakin Teku

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi a wurin gyaran jiragen kamun kifi da ke kudancin Jidda, ban da Alhamis ɗin da na zama alƙalin gardama. Lokacin ni ne mushrif, wato mai kula da ma'aikata, kuma makullin sito a hannuna yake. Duk injin da ya shiga ko ya fita, maganata kafilinmu, wato maigidan da muke wa aiki, ke ɗauka.

Muna da wani mai walda, Sama'ila, mutumin Zariya, ya zo umra ya maƙale, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Aikinsa tsaf, amma taurin kai sai ka ce ƙarfen da yake haɗawa. Shi da Usman makanike, haifaffen unguwar Nuzla a nan Jidda kamar ni, kullum sai sun yi musu a wajen cin abinci. Sama'ila ya ce ƙasa a shimfiɗe take kamar tabarma, Usman ya ce ƙwallo ce. Ran nan abin ya yi zafi har suka sa rago, wanda aka kayar ya yanka wa ma'aikata.

"Yaya Bashir kaɗai na yarda da shi," in ji Sama'ila. "Abin da ya ce, halas, magana ta ƙare."

Sharaɗin shi ne, zan bi jirgin kaya da tabarau mai hango nesa yayin da yake fita teku. In gindin jirgin ya riga samansa ɓacewa, Usman ya ci. In kuwa gaba ɗaya ya yi ta ƙanƙancewa, Sama'ila ne. Bayan la'asar muka tsaya a gaɓa. Ina kallo gindin ya nutse, kwantenoni suka rage kamar an jera su a kan ruwa. Na faɗi abin da na gani.

Sama'ila ya yanka ragon, amma ko loma bai ci ba. Washegari sai ga muryarsa tana yawo a wayoyin mutanen unguwa: wai mu haifaffun Jidda mun haɗa masa baki, wai ni mai shaidar zur ne, kuma wanda ya yi ƙarya a kan ƙasar Allah, me zai hana shi yi a kan sito? Matata a gidan biki ta ji. Wallahi na kasa zama wuri ɗaya, in shiga sito in fito, ban san abin da na je ɗauka ba.

Kafili ya sallami Sama'ila, sannan ya kira ni. "Ya Bashir, ni siffar ƙasa ba ta dame ni ba. Amma mai riƙe min makulli ba a kiransa maƙaryaci. Ko ya janye maganarsa, ko ka miƙo makulli."

Na je har ɗakin Sama'ila a unguwar Mahjar, na roƙe shi ya janye. Ya ce sai dai in fara yarda cewa idona ne ya yaudare ni. Usman kuwa sai zuga ni yake: "Yalla, ka kai ƙara mana! Ɓata suna ta waya laifi ne a ƙasar nan."

Na je ɗin. Na tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda ina zagaye kamar mai neman abin da ya faɗi. Na san abin da za a fara tambaya shi ne iƙamarsa, daga nan kuma sai jirgin mayar da shi gida, ga mata da 'ya'ya ƙanana. Na juya ban shiga ba. Da safe na miƙa makulli, aka mai da ni wankin inji.

Ba a daɗe ba aka kai samame Mahjar, aka kwashe marasa takarda, har da Sama'ila. Ashe wani ya gan ni a ƙofar ofishin nan. Shi ke nan, kowa ya ce ni na kai shi. Na aika wa matarsa da shinkafa, ta sa aka dawo min da ita ko kwance buhun ba a yi ba. Wannan ya fi makullin ci min rai.

Don haka nake gaya muku ku da kuka zo bayanmu, a wurin aiki irin namu, inda wani ke da takarda wani ba shi da ita, babu ƙaramar gardama. In aka ce ku raba musu, ku ce kuna da aiki. Ni na ga gindin jirgi ya nutse da idona, na kuma san ban tsallaka ƙofar nan ba, amma har yau in na yi sallama a Mahjar akwai gidan da ba a amsa min.